Makulli, Laɓe da Ɗanɗano a Ilimin Kwantam

Kwantam reshen fiziks ne da ke nazarin ƙananan ƙwayoyi irin su ƙwayar haske. Wani ɗalibin fiziks daga Zariya ya rubuto yana neman kalmominsa da Hausa, yana cewa: "Malam, ina son yi wa ƙannena bayanin yadda ake aika mabuɗin sirri da ƙwayoyin haske. Mabuɗi zan ce ko makulli? Kuma me zan kira wanda ke satar saurare?"

Ɗana, duka biyun Hausa ne, ginin iri ɗaya: ma- a gaba, aikatau a tsakiya, buɗe da kulle. Abin da kake nufi jerin 0 da 1 ne wanda shi ke rufe saƙo, shi ke buɗe shi. Ni na fi son makulli, don tsaron ne ke gabanmu.

Mai satar saurare kuwa mai laɓe ne. Laɓe shi ne mutum ya raɓe a bayan ƙyaure ko zana, ya ji abin da ba a yi da shi ba, ya zame babu sawu. A nan ne tsarin aika makulli da ƙwayoyin haske da masana Charles Bennett da Gilles Brassard suka fitar a 1984 ya karya lagon mai laɓe. Ƙwayar haske ba a auna ta a bar ta yadda take. In mai laɓe ya tare kowace ƙwaya ya auna ya sake turawa, kusan kashi 25 cikin ɗari na abin da mai aikawa da mai karɓa za su kwatanta zai saɓa. Sai su watsar da makullin tun kafin a kulle komai da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wata malama daga Maraɗi ta tambayi sunan da za a ba awon da masana Aharonov da Albert da Vaidman suka bayyana a 1988, awon da ke taɓa ƙwaya kaɗan kawai, wanda wasu ke fassarawa "awo mai rauni". Malama, wannan fassarar ba ta zauna mini ba, don rauni a bakinmu ciwo ne ko gazawa. Ki ce awon ɗanɗano. Uwargida na lakato miya a bayan ludayi, ta ɗiga a tafin hannu, ta ji gishiri, tukunya na nan kusan yadda take. Haka awon yake: labarin da aka samu kaɗan ne, taɓawar ma kaɗan, sai an maimaita sau da yawa kafin a tsayar da magana.

Ta kuma tambayi yadda za a kira abin da masana lissafi Kochen da Specker suka tabbatar a 1967: ba za a ce sakamakon awo yana ajiye tun farko ba, ba tare da duba wane awo aka yi tare da shi ba. Ki dubi kalmar "ci". An ci tuwo, an ci kasuwa, an ci sarauta, an ci amana. Ma'anar ba ta fita sai abokiyar tafiyarta ta zo. Misali ne kawai, amma a aji "dogaro da abokin awo" zai wadatar da ke.