Filin Tambayoyinku: Ɗan Bargon Ƙyalle Da Bai Kai Faɗin Sallaya Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sa hoton ɗan bargon ƙyallayen nan da na rataya a falona a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wallahi ban zaci abin zai ja hankalinku haka ba. Ga wadda ba ta gani ba, shine abin da Turawa ke ce ma kwilt, wato ƙyalle ƙanana a haɗa su su ba da zane, a sa wani abu mai laushi a tsakiya, a sa yadi a baya, sannan a bi su ukun da ɗinki su zama abu ɗaya. Namu ƙaramin ne, a yawancin gasar da ake yi a Amurka ba ya wuce inci 24 kowane gefe, nawa ma inci 12 ne kacal. Na zaɓo huɗu cikin tambayoyin.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni dai abin ya burge ni sai na tai wurin telanmu na kwaso ƙyalle cike da leda na zauna na haɗa, amma da na ƙare sai ya murɗe, gefe guda ya ɗara guda tsawo, kusurwoyin ko ɗaya ba su haɗu ba, tsakiya kuma ta kumburo kamar an kife ƙwarya. Mi na yi ba daidai ba? Ko keken ne, don Butterfly ce tsohuwa ta innarmu. Daga wata ƙanwarki a Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Ƙanwata ki bar keken Inna ta huta, ba ta da laifi ko kaɗan, ɗinki miƙaƙƙe kawai aikin nan yake so kuma tsofaffin kekunan nan sun iya shi sosai. Matsalar a awo take da guga. Kinga babban zanin gado in kin kuskure kaɗan ba mai lura, amma ƙaramin abu baya ɓoye komai. Bari in miki lissafi ki gani da idonki. A ce layi ɗaya ƙyalle 12 ne, kowanne inci ɗaya, ɗinki 11 kenan a tsakaninsu. In kowane ɗinki ya ci milimita ɗaya fiye da ƙa'ida to milimita biyu kika rasa tunda yadi biyu ya cinye, sau 11 ya zama milimita 22, kusan inci guda cur ya ɓace a layin da duka duka inci 12 ne. Layi na gaba kuma hannunki ya ɗan saki ya fito da nashi tsawon daban, sai kizo haɗa su kiyi ta ja da ƙarfi don su daidaita, wannan jan shine ƙwaryar da kika gani a tsakiya.

Ƙa'idar ita ce kwatan inci, wajen milimita 6, shi ake bari a kowane gefe don ɗinki. In kina son ƙyallen ya fito inci ɗaya bayan ɗinki sai ki yanka inci ɗaya da rabi. Kada ki yanka da ido dan Allah, ki samu kwali mai ƙarfi irin na kwalin shayi ki yanka shi daidai awon da rula, ki ɗora a bayan yadin ki zagaye da fensir mai tsini, ba allin tela ba don layinshi ya yi kauri. A jikin keken kuma ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama ki manna salatif mai kauri a wurin, duk yadin da zai wuce bakinshi ya riƙa gogar salatif ɗin. Ki rage tsawon ɗinkin ya zama ƙanana, ki sa allura lamba 11 a cire 14 ko 16 ɗin nan da ake ɗinkin shadda da su, zare ma siriri.

Sai guga, kuma nan ne nake so ki fi natsuwa. Duk ɗinki ɗaya da kika yi ki tashi ki danna shi da dutsen guga kafin ki ƙara wani a kai. Dannawa nace ba gogawa ba, ki aza ki ɗaga, in kina jan dutsen gaba da baya yadin miƙewa yake musamman wanda aka yanka a karkace. Layi na farko ki kwantar da bakin ɗinkin dama, na biyu hagu, in kinzo haɗa su zakiji da ɗan yatsanki sun shige juna sun zauna ɗaram, nan ne kusurwa take haɗuwa. Na farkon da nayi nima haka ya fito kamar naki, na zauna da reza bayan isha'i da fitilar waya a baki ina warware shi ɗinki bayan ɗinki, zare ya cika min cinya, sai da na sake shi sau uku ya kwanta. Har yanzu yana nan ƙarƙashin filas ɗin shayi. Ki fara da murabba'i zalla, guda tara tara, mai haske da mai duhu kamar gidan dara, ki bar masu kusurwa uku sai hannunki ya faɗa.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Nawa ya yi kyau har anka yaba, sai na wanke shi jar atamfar da na sa ta zuba ta ɓata farin duka. Kuma soso na sa ciki ya yi tauri ya ƙi lanƙwasa. Wane yadi ya kamata kuma mi ake sawa tsakiya? Daga Argungu.

AMSA: Kai 'yar uwa na tausaya miki, wannan akwai ciwo. Ƙyallen tela sabo ne ba a taɓa sa shi a ruwa ba, shi yasa dole ki wanke kowane launi daban tun kafin almakashi ya taɓa shi. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su suka fi zuba. In kin wanke ki matse shi cikin farin ƙyalle tun da danshinshi, in ya bar tabo ki sake wankewa, in ya ƙi dainawa ki ajiye shi gefe kada ki haɗa shi da fari. Wankin yana kuma sa yadin ya gama shan ruwanshi ya tsuke tun yanzu, ba sai bayan kin ɗinke ba.

Na auduga zalla ya fi. Atamfar yanzu da yawa roba ce, ki ɗan yanki gefe ki kusanta shi da ashana, na auduga zai ci wuta yayi warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba zai narke ya dunƙule yayi ƙwallo mai tauri, shi kuma santsi yake a keke kuma baya riƙe karin guga. Leshi da yadi mai miƙewa ki manta da su. Sannan ki lura da zanen atamfar, in furenta ya kai faɗin faranti ke kuma inci ɗaya zaki yanka to furen ya tafi launi kawai ya rage, sai ki ɗauke ta a matsayin launi, ko ki nemi mai ƙananan zane. In yadin ya cika laushi ki sa mishi sitaci kaɗan yafi daɗin yanka, amma ki wanke in kin gama don kyankyasai suna bin sitacin rogo.

Soso ki cire shi. A tsakiya abu mara kauri ake so, tsohon zanin auduga da ya sha wanki ya yi laushi ko tsohon mayafin jariri, ninki ɗaya ya isa. Ki shimfiɗa na baya, ki aza na tsakiya, ki aza fuskar, ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bi da ɗinkin gaske shima daga tsakiya. Ke da kike Argungu ai zane a ƙofar gidanki yake, shuɗi kala kala ya zama ruwan Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi, ki yanka zagaye masu ruwan ƙasa ki ɗora su zama gorunan masunta.

TAMBAYA: Anti ni ba ni da keke kuma wuta sai ta yi kwana biyu ba a kawo ba, ina iya yi da hannu? Ɗalibarki daga Talata Mafara.

AMSA: Ƙwarai kuwa ɗiyata, kuma akwai hanyar da hannun ma yafi keke. Tsohuwar dabara ce daga Ingila tun shekarun 1700. Ki yanka takarda mai ɗan kauri mai kusurwa shida kamar gidan zuma, duka girma ɗaya, ki yanka yadi ya fi takardar da kwatan inci, ki naɗe bakin yadin a kan takardar ki kama da zare, sai ki haɗa biyu fuska da fuska ki ɗinke bakinsu da ƙananan ɗinki ba tare da allurar ta huda takardar ba. Takardar ce take riƙe miki awo, in an kewaye ɗaya ta ko'ina sai ki zare ta. Shida su kewaye ɗaya kin samu fure. Duka kayan gwangwanin alawa ya ɗauke su. Dutsen gawayi ma ya isa, ki dai shimfiɗa farin ƙyalle a kai saboda toka.

TAMBAYA: Salam Anti. Surukata ta ganni ina yi tace wannan wane irin aikin banza ne, bargon da ko jinjiri bai rufewa, wai kwaikwayon Turawa ne kawai. Abin ya sosa min rai har na ajiye. Shin yana da amfani kuma ana iya saida shi? Daga Birnin Kebbi.

AMSA: 'Yar uwa kada ki yi musu da Hajiya, uwa ce, kuma a zamaninsu allura don buƙata ake ɗaukarta shi yasa take ganin haka. Amma maganar na Turawa ne ban yarda da ita duka ba. Ki tambaye ta lifidi. Rigar nan mai kauri da ake sa ma doki da mahayinshi, wadda har yau 'yan lifida suke fitowa da ita a hawan sallah, mene ne ita in ba yadi sama yadi ƙasa da audugar rimi a tsakiya an bi da ɗinki ba? Wasu ma fuskarsu ƙyallaye ne masu kusurwa uku ja da fari da shuɗi an jera. Kakanninmu sun yi shi don kibiya kada ta huda, ɗinkin dai shine wanda ke hannunki. Na taɓa tsayawa kusa da dokin da aka sa ma shi ina yarinya, na kai hannu na shafa, layin ɗinkin ya nutse audugar ta taso tsakani kamar kunyar gona, wannan taɓawar ban manta ta ba.

A wajen ma ba aikin masu kuɗi kaɗai bane. A Bangaladash da Indiya mata suna haɗa tsofaffin zannuwansu su bi da ɗinki, suna ce mishi kanta. A Amurka akwai wani ƙauye Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙaƙen fata jikokin bayi suna yin barguna da tsofaffin wandunan gona don sanyi, a 2002 aka baje aikinsu a gidan kayan tarihi a Houston, a 2006 har aka buga su a kan kan sarki. Su ƙananan kuwa, a zamanin da, da bargon 'yar tsana ake koya ma yara mata riƙe allura a can, kamar yadda muka koya da ɗinka ma 'yar tsanar kara riga.

Maganar sayarwa zan gaya miki gaskiya don bana so ki sa rai a inda ba haka ba. Ɗan inci 12 ɗin nan nawa ƙyalle 144 ne a ciki kuma ya ci min yammaci da yawa, in aka ce a biya lokacin da ya ci mai saye a kasuwa ba zai yarda ba, zai ce ai ƙyalle ne. In kuɗi kike nema ki sauƙaƙa zanen ki ƙara girman yankan, kiyi rigar filo, abin aza kula da filas, jakar Alƙur'ani ta yara, kayan jeren amarya, waɗannan suna fita musamman lokacin biki. Mai ƙananan yankan kuma ki bar shi naki ne, na lokacin da yara sun yi barci kin samu kanki.

Abin da zan so kiyi shine ki roƙi Hajiya guntun tsohon zaninta guda biyu ko uku, irin waɗanda suka kwana biyu a ƙasan akwati ba ta ɗaurawa kuma ba ta iya bayarwa, ki haɗa da guntun atamfar sunan jikokinta kiyi mata ɗan ƙarami ta riƙa aza casbi da tabarau a kai kusa da sallaya. Tsohon yadi yana da rauni, ki ɗaga shi a rana ki duba, inda haske ya ratsa sosai ki kauce ma wurin, kuma ki sa mishi siririn farin yadi a baya kafin ki yanka. Bakin kuma ki kalmashe shi da tsiri mai faɗin inci ɗaya da kwata, ki ɗinke ta gaba ki juya ki kama ta baya da hannu.

Masu tambayar yadda ake rataye shi a bango ba tare da ƙurar hunturu ta cinye shi ba, da ke 'yar Kaura Namoda mai son fitar da dagin arewa, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.