Shanu sun ci albasa, ƙanenka ya sari ɗaya: ga inda maganar take

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar muku da alheri. In na fahimce ka, shanun wani makiyayi ne suka faɗa lambun albasarku da dare a nan bayan garin Tawa, ƙanenka ya iske su da asuba, zuciya ta ɗebe shi ya kai wa ɗaya sara da adda a agara, daga baya ta mutu. Yanzu mai saniya ya kai ƙara jandarma, kana tambaya ko ba kunnen doki aka yi ba, tunda ku aka fara yi wa ɓarna.

A'a, ba kunnen doki ba ne. Na daɗe ina riƙe wa mai garinmu alƙalami in ana sasanta manoma da makiyaya, kuma abin da ya fi wuyar shiga kan mutane ke nan: a wajen hukuma ɓarna biyun nan ba ɗaya ba ne. Saniya ba ta da niyya. In ta kuɓuce wa mai kiwo ta ci shuka, magana ce ta biyan diyya, mai ita ke ɗauka. Sai fa in an tabbatar shi ya ɓalle shinge ya kora su ciki da gangan, to nan shi ma ya taka dokar hukunta laifuka. Amma mutum ya ɗaga adda ya sari dabbar wani, ba ta kawo masa hari ba, wannan ɓarnar ganganci ce, kuma kundin hukunta laifuka na Nijar, na 1961 da aka gyara a 2003, ya tanadi ɗauri da tara a kanta, kamar yadda ya tanada ga mai lalata amfanin gonar wani ko rushe masa gini. Da ƙanenka ya tsare garken ya kira mai gari aka kai su inda hukuma ke ajiye dabbobin da suka yi ɓarna, da yau ku ke bin bashi.

Naku haƙƙin bai faɗi ba, amma yana iya zubewa in kuka yi sanya. Albasa ba ta jiran kowa. Ganyen da aka tattake zai bushe, ban ruwa zai shafe sawun kofato, kashin shanu iska ta kwashe. Na ga lambun da aka je duba bayan mako guda: mai shi na nuna fangali yana rantsuwa, mu kuwa ba ma ganin komai sai ƙasa mai laima. Don haka gobe da sassafe a sami malamin gona ya zo ya auna fangalin da aka ci, ya rubuta ko dashe ne ko ta fara kai, ya ƙiyasta buhu nawa aka yi asara bisa farashin kasuwa, ya sa hannu da hatimi. A ɗauki hoton inda shingen ya ɓalle, don tambayar farko da za a yi muku ita ce ko lambun a killace yake. Tun da gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki dabbobi ke da damar bin kara, mai noman rani shi ke kare kayansa.

Ita ma saniyar kada ku yarda da farashin baki. Likitan dabbobi ya faɗi shekarunta, ko tana da ciki, da ko saran ne ajalinta. In an samu an yanka ta kafin rai ya fita aka sayar da nama, a zaman da na halarta ana cire wannan kuɗin daga diyya. Kullum saniyar da ta mutu ita ce mafi nono a garke, wannan kowa ya sani.

Game da sasantawa, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sa rigimar manomi da makiyayi ta fara bi ta hannun sarakunan gargajiya kafin ta je gaban alƙali. Ku je wurin mai gari, a kira ardon su makiyayin, a ɗora asarar albasa a kan kuɗin saniya a ga wa zai cika wa wani. Duk abin da aka shirya a rubuta takardar sasantawa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Kuɗi kuma kada ya wuce hannu ba shaidu ba rasit.

Sai dai kada wani ya ruɗe ku cewa da mai saniya ya janye ƙara shi ke nan. Sarki yana sasanta diyya, ba ya yafe laifi. Takardun jandarma wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati suke tafiya, shi ke da ikon rufe maganar ko tura ta kotu. Abin da na sha gani shi ne, in aka je masa da takardar sasantawa da shaidar an biya, ga yaro bai taɓa laifi ba, sau da yawa yakan rufe, ko alƙali ya yi ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Ban ce dole ba, na ce sau da yawa.

Ƙanen naka kada ya gudu ƙauye, gudu ke mayar da ƙaramar magana ta gidan kaso. Ya amsa kira, wani babba ya raka shi. Suna iya tsare shi awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Ya faɗi abin da ya faru ba ƙari, kada ya ce saniya ta kawo masa tunkuyi in ba ta kawo ba, don sara a ƙafar baya zai ƙaryata shi. In ba ya jin Faransanci, a fassara masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Ku kuma ku riƙa masa takardar malamin gona a ranar, a haɗa ta cikin takardun tun daga jandarma.