Fim ɗin da zaka kalla kafin ka taso Faransa

Ƙanina naga saƙonka, kace takardun Campus France, hukumar da ke kula da ɗalibai masu zuwa karatu Faransa, sun kusa kammala, kana so in faɗa maka fim ɗin da zai sa kunnenka ya saba da Faransanci kuma kaga yadda mutanen nan ke zaune da iyalinsu. Toh ka nemi Un beau matin na Mia Hansen-Løve, a 2022 ya fito. Amma fa kar ka kunna a falo gaban su Inna, akwai wuraren da basu dace ba.

Léa Seydoux ce ta fito a Sandra, mijinta ya rasu ya barta da yarinya ɗaya, tana aikin tafinta a Paris, babanta kuma tsohon malamin falsafa ne ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, ido a buɗe amma baya gane abinda ke gabansa, ko ƙofar gidansa buɗeta ya zama aiki. Haka ake ta yawo dashi daga wannan gidan tsofaffi zuwa wancan, ana cikin haka soyayya ta haɗata da wani mai aure.

Masu sharhin fina-finai sun yaba sosai, a bikin fina-finai na Cannes ma ya samu kyautar Europa Cinemas Label, abinda suka fi nanatawa shine babu hayaniya babu kukan neman tausayi, fim ne mai sanyi. Gaskiyarsu ne, amma ni wallahi sanyin nan ƙona ni yayi, don aikin da nake yi kenan asabar da lahadi a irin gidajen tsofaffin nan da suke kira EHPAD. Ɗalibi baƙo awa 964 doka ta yarda yayi aiki a shekara, kaima kana iya tsintar kanka a nan. Akwai wata tsohuwa da nake bawa abinci a baki, kullum jakarta na kan cinya wai yau za a maidata gida. Farkon zuwana cewa nake sun yar da iyayensu, sai da naga 'yarta tazo daga aiki a gajiye, ta gyara mata gashi tana murmushi, tana fitowa ta jingina da bango tana kuka shiru.

Wurin da Sandra ke raba littattafan babanta ga tsofaffin ɗalibansa yafi taɓa ni, ina fita sinima na kira Baba, shi kuma tambayarsa ɗaya ko naci abinci.

In zaka kalla ka saka rubutun Faransanci mai fitowa a ƙasan allo, maganarsu akwai sauri.