Sayen Gwaji ne ko na Gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da manhajar koyon karatu, ana biyan kuɗin wata-wata ta Google Play da App Store. Adadin masu biya da sabarmu (kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajar) ke nunawa ya zarce kuɗin da ke shigowa, muna zargin sayen gwajin abokan aiki ne ya cakuɗe da na gaske. Yaya za mu rarrabe?
Daga mai karatu, Tudun Wada, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zarginku na kan hanya, domin a wajen gwaji biyan wata guda kan sabunta kansa duk minti 5, mutum ɗaya sai ya cika maka littafi. Kada ka yarda da abin da waya ta faɗa. Sabarka ta tambayi Apple da Google kai tsaye.

Na Apple ba wuya. Bayanin cinikin da App Store Server API (hanyar da saba ke tambayar Apple) ke bayarwa yana da gurbin environment: Sandbox gwaji ne, Production na gaske. Sayen TestFlight, manhajar Apple ta raba wa masu gwaji manhaja, ma gwaji ne. In har yanzu kana kan verifyReceipt, tsohuwar hanyar tantance rasit, wanda Apple ya daina ba da shawarar amfani da shi tun 2023, fara tura rasit adireshin gaske. In aka dawo maka da lamba 21007, rasit ɗin na gwaji ne, sai ka tura shi na Sandbox.

A Google ne ake yawan tuntuɓe. A subscriptionsv2, sabon tsarin tambayar Google bayanin biyan wata-wata, gurbin testPurchase na bayyana ne kawai in sayen na gwaji ne, kuma fanko yake zuwa. Harshen rubuta manhaja na Python na ɗaukar fanko tamkar babu, don haka duba ko gurbin yana nan, ba abin da ke cikinsa ba. A tsohon tsari kuwa, purchaseType mai 0 na nufin gwaji, sayen gaske ba ya zuwa da gurbin sam. Harshen rubuta manhaja na Go kan cike gurbin lambar da babu da 0, nan take duk kwastomominka su koma 'yan gwaji. Sannan wanda bai cikin jerin masu gwajin lasisi a Play Console (shafin da masu manhaja ke kula da ita a Google Play), ko da ta layin gwaji ya sauke manhajar, kuɗinsa na gaske ake cirewa.

Kada ka toshe sayen gwaji. Masu duba manhaja na Apple da Sandbox suke saye, in sabarka ta ƙi su za su ƙi manhajar. Buɗe musu darussan, ka yi wa cinikin alama a rumbun bayanai, ka cire shi daga lissafin kuɗin shiga.