Wace Kariya Zan Riƙe Idan Baƙaƙe Suka Faɗo Mini a Darar Ces?

Tambaya: Malam, ina buga gasar ces ta 'yan koyo a kulob ɗinmu duk ƙarshen mako. Ranar da baƙaƙen 'ya'yan dara suka faɗo a hannuna, kafin tafiya ta 15 an rikita ni. Abokaina sun ce in koyi Sisiliyan. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka ba su yi maka ƙarya ba, sai dai ba su faɗa maka kuɗin kayan ba. Sisiliyan, wato mai farare ya tura sojansa gidan e4 kai ka amsa da naka a c5 (harafi da lamba sunan gida ne a allon ces), da ita tsofaffin zakarun duniya Fischer da Kasparov suka yi ta ɓarna, musamman reshen Najdorf. Amma tana son hadda mai yawa, mantuwa ɗaya sarkinka ya shiga uku. Mai fita neman abinci Litinin zuwa Juma'a, ina ya ga wannan lokacin?

Ni Karo-Kan zan ba ka. Sunan mutum biyu ne, Horatio Caro da Marcus Kann, kuma tsohon zakaran duniya Karpov ya daɗe yana jingina da ita. Mai farare ya tura e4, ka sa c6. Ya ƙara d4, ka sa d5. Sojan c6 ya tokare na d5, tsakiya ta tsaya cak. Daɗinta shi ne bishof ɗinka na c8 yana samun ƙofar fita. Idan ya matso da e5, ka fito da shi f5 tukuna, sannan ka rufe da e6. Kada ka juya wannan tsarin. Matsalar kariyar Faransa ke nan, wadda ta samo sunanta daga wasan wasiƙa tsakanin Landan da Faris a 1834: e6 ake fara sawa, bishof ya kwana a kulle, wani lokaci har wasa ya ƙare bai leƙo ba.

Karo-Kan ma tana da nata aibi. Sojan c6 ya zaune gurbin dokinka, sai dai dokin ya bi ta d7, kuma dole daga baya ka buga c5 don ka sassauta tsakiyar mai farare. Masu zafin kai kan ce tana da gundura. Su je su ce.

Idan kuma da d4 ya buɗe, ka sa d5 sannan c6. Wannan ita ce Silab, 'yar'uwarta ce, ba sai ka koyi sabon gida ba.

Abu ɗaya nake zargi: ba buɗewa kaɗai ke cin ka ba. A irin gasarku, yawanci doki ko soja ake bari ba mai gadi. Ka riƙa rubuta tafiye-tafiyenka, ka turo mini wasa uku da aka ci ka, mu ga inda gizo ke saƙa.