Saƙa a Cikin Takaba

Tambaya: Maigidana ya rasu wata 2 da suka wuce. Tun bayan sadakar bakwai, da gida ya watse, ba abin da yake kwantar mini da hankali kamar in ɗauki zaren ulu da kwarashi ina saƙa wa jikokina hular sanyi da safa. Wasu dangi sun ce hakan bai dace da mai takaba ba. Shin in daina? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin rashi. Kada ki daina. Takaba wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234, kuma abin da malamai suka hana a cikinta shi ne ado, turare, kwalli da kwana a wani gida ba tare da larura ba; aikin hannu ba ya ciki. A ganina ma saƙa ta dace da wannan zama, domin hannu yana aiki, harshe kuma yana yi wa mamacin addu'a. Sai dai kada ki rufe ƙofa: ki bar jikokin su zo su gwada hulunan a gabanki kafin hunturu ya shigo.