Tambaya da Amsa: Sau nawa za a auna ƙauyenmu kafin a san da zamansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Safiyo. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Auyo, Jihar Jigawa. Sau uku ana zuwa garinmu da waya ana ɗaukar lambar wuri. Masu rigakafi sun zo, masu shata yankunan ƙidaya sun zo, masu aikin ruwa ma sun zo, kuma duk ni mai unguwa yake sa in zaga da su. Amma da ambaliyar 2022 ta cinye mana gonaki, aka zo rabon tallafi, sai aka ce babu sunanmu a takarda. Baba, ba duk gwamnati ɗaya ba ce? Ina bayanan da suke ɗauka suke tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya mayar muku da alheri. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin abin da na yi shekara 35 ina kuka da shi a bakin aiki ke nan.

Ƙauyenku yana cikin taswira, har sau uku ma. Matsalar ita ce kowane ayari ya koma da nasa ya adana a kwamfutar ofishinsa, mai rabon tallafi kuwa da jerin sunayen da ke aljihun teburinsa ya fito.

Abin da ake kira GIS taswira ce ta kwamfuta mai falle-falle. Falle ɗaya garuruwa, wani hanyoyi, wani rijiyoyin burtsatse, wani burtali, wani wuraren da ruwa yake kwanciya. Amfaninta yana fitowa ne idan aka ɗora su bisa juna. Da an ɗora fallen masu rigakafi a kan hoton tauraron ɗan'adam na makon da kogin Haɗeja ya yi amai, da ba sai kun je kuna rantsuwa cewa akwai ku ba.

Kuma an taɓa gwadawa an ga aiki. Kafin 2012, masu rigakafin shan inna da zanen hannu suke fita, wanda aka zana shi da biro a takarda, rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba sa ciki. Daga nan aka koma zana taswirar da hoton tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, ciki har da Kano da Jigawa, aka riƙa ba ayarin waya tana nuna inda suka taka da inda suka tsallake. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a Kano, a Sumaila ne, a watan Yulin 2014. A 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da ita. To taswirar da ta iya kai ɗigon magani bakin jariri a ruga, me zai hana ta kai buhun shinkafa?

Abu na farko da yake hanawa shi ne rowa. Na taɓa neman jerin rijiyoyin wata ƙaramar hukuma daga wani ofishi da muke bene ɗaya da shi. Aka ce in rubuto wasiƙa. Na rubuta, ta hau ta sauka, wata biyu. Da amsa ta fito, ashe bayanan suna cikin filashin wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Haka muka sha mai a babur muka sake auna rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin talakawan da suka riga suka biya na farko. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na biyu suna. Kai malami ne, ka san Unguwar Malam nawa ce a masarautar Haɗeja kaɗai, balle Sabon Gari da Tudun Wada. Wannan ya rubuta "Ung. Mallam", wancan ya rubuta "Anguwan Malam", na uku ya sa sunan mai unguwar da ya rasu. Kwamfuta za ta ɗauka garuruwa uku ne, ko kuma ta haɗe ku da masu irin sunanku a wata gunduma. Ina kyautata zaton a nan naku ya salwanta.

Akwai kuma na ma'auni. Tsofaffin taswirorinmu an ɗora su ne a kan ma'aunin Minna, wayarka kuwa da wani ma'aunin daban mai suna WGS84 take aiki, kuma tsakaninsu akwai tazarar goman mitoci. In ba a daidaita ba, rijiyar da aka nufa da bakin gari sai ta faɗa gonar wani ko tsakiyar burtali, a gaji rigima da makiyaya.

Maganin a ganina ba sabuwar mota ko sabon gini ba ne. Rajista ɗaya ake buƙata, kowane gari da lambarsa wadda ba ta canjawa ko an canja dagaci. Hukuma ɗaya ta riƙe ta, kamar yadda Kano take da KANGIS, Kaduna take da KADGIS don bayanan filaye, sannan kowace ma'aikata ta kula da fallenta, sauran su iya gani ba tare da wasiƙa ba. Dole a sa hukumomin tarayya a ciki, tunda madatsun Tiga da Challawa a Kano suke, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, amma ruwansu ta wajenku yake bi. Sunayen mutane da lambar wayarsu kuwa ba abin rabawa ba ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta yi musu katanga. Wurin gari da yawan gidaje ya isa.

Kai kuma ga naka aikin, Malam. Ka tsaya a ƙofar masallacin gari, ka buɗe Google Maps, ka danna inda kake ka riƙe, lambobi biyu za su fito. Ka rubuta su. Ka yi haka a makaranta da rijiya da inda ruwa ya tsaya a 2022. Ku zauna da mai unguwa ku tsayar da rubutun sunan garinku guda ɗaya, ku jera sauran sunayen da ake kiranku da su a ƙasa. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, ku kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin hukumar agajin gaggawa a Dutse, ku ba kansilanku ɗaya. Ku tabbata an buga muku shaidar karɓa a kan naku kwafin, ka adana shi a leda tare da rajistar makaranta. Ka gama wannan kafin Yuli, tun ruwa bai yanke muku hanya ba.